Wata Uku Na Ce wa Yaya

Na sauka a Cardiff, babban birnin Wales, da jaka ɗaya, da takardar aiki a aljihu, da kuma alkawarin da na baro a gida. Kafin in taso na kai yayana Yakubu gidan mari a bayan Akurba, a gefen garinmu Lafia, wurin wani malami mai maganin masu taɓin hankali. Na ce masa ya daure wata uku kawai, da zarar na zauna da gindina a Turai zan aiko a fito da shi a kai shi asibiti na gaske. Ina fita daga zauren ina jin yana kiran sunana, ban waiwaya ba.

Takardar aikin ta ce akwai kamfanin da ke jirana in kula da tsofaffi. Da na je adireshin sai na tarar da shagon aski. Mai askin ya karɓi takardar ya duba, ya miƙo mini ko almakashinsa bai ajiye ba, ya ce ba ni ne na farko da ya zo masa da irinta ba. Ejan da ya haɗa mini takardun, mutumin da muke haɗa sahu da shi ranar Juma'a a Lafia, tun daga ranar wayarsa ta daina shiga. Shekara tara na yi ina koyar da tarihi a sakandare, ina ba yara labarin yadda aka yaudari sarakunanmu da takarda, sai ga shi an yi mini irinta ina da furfura a gemu.

Daga nan na faɗa Newport, wurin wankin mota. Mu shida a ɗaki ɗaya, kowa da ƙasarsa, kowa da warin safarsa. Ruwan wankin sanyinsa har cikin ƙashi, yatsuna suka tsattsage, in na zo alwala sai na cije leɓe. Mai wurin ba ya kiran kowa da suna, in yana son ka sai ya yi fito. Na tsani wannan fito fiye da sanyin, amma duk lokacin da ya yi da gudu nake zuwa.

Ƙanwata Asabe ce ke kai wa Yaya abinci duk Juma'a, in ta dawo sai ta kira ni. A wata na biyar ta ce, “Yaya Usman, Yaya ya ce in tambaye ka, wai wata ukun Turai ya fi namu tsawo ne?” Ta yi dariya kaɗan, ni ma na yi. Na ce ta gaya masa abubuwa ne ba su daidaita ba tukuna. A lokacin gaskiya na faɗa.

Wadda ta cire ni daga wankin mota ban taɓa ganinta ba kafin ranar. A wani shagon da ake sayar da garin rogo da manja na ji wata mata tana faɗa a waya, tana cewa a kai doyar kasuwar Obi kada a sayar a bakin gona. Na tsaya kamar an dasa ni, don Obi kusa da garinmu take. Da ta gama na yi mata sallama da Hausa, ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

“Kai ɗan ina ne?”

Na ce Lafia.

“Lafia wane side? Ka ga hannunka kuwa? Wane irin aiki ne ya cinye ka haka?”

Sunanta Doose, 'yar Tibi ce daga wajen Obi, ta girme ni da kamar shekara goma. Ziyara ta zo, aikinta yana can arewacin Wales a wani gidan kula da tsofaffi. Ta saya mini man shafawa, ta karɓi lambata, ta ce, “Kar ka sa rai too much, amma manaja namu yana neman mutum. Mace ne, ba ya da wahala in ka bi doka.” Bayan sati uku ta kira ta ce in hau bas.

Tafiyar ta cinye yini guda. Tun ina ganin gidaje har suka ƙare, sai duwatsu da tumaki, tumakin da ba makiyayi a bayansu. Allunan hanya duk da harshe biyu, na sama ban iya ko furta shi ba. Ashe mutanen nan suna da yarensu daban, kuma Turancin da muke ta fama da shi su ma ɗora musu aka yi. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, ban san dalili ba.

Gidan tsofaffin yana wani ƙaramin gari a gindin duwatsu. Aikin shi ne wanka, da canza ƙunzugu, da ba da abinci a baki, da rubuta duk abin da ka yi a littafin rahoto. Doose ta koya mini komai, har yadda ake ƙwanƙwasa ƙofa kafin a shiga ɗakin mutumin da bai ma san an ƙwanƙwasa ba. A cikin waɗanda aka ba ni akwai wani dattijo mai suna Emrys, dogo, siriri, ciwon mantuwa ya fara cin sa. Baba nake ce masa, ya tambayi ma'anarta, da na faɗa masa ya ce ya karɓa. Shi ma malamin tarihi ne, shekara arba'in yana koyarwa. Bai san ko ya karya kumallo ba, wani lokacin 'yarsa ma sai ya ɗauke ta ƙanwarsa ce, amma sarakunan da suka mutu shekara ɗari bakwai da suka wuce yana jero su kamar jiya suka rabu.

A wurinsa na ji labarin Gwynedd. Ina yi masa aski ko ina sa masa safa, shi kuma yana karantar da ni. Ya ce duk ƙasar da nake gani ta taga, daga duwatsun nan har bakin teku, masarauta ce mai zaman kanta a da, ita ce mafi ƙarfi a cikin masarautun Wales. Duwatsun ne ganuwarta, in sojan Ingila ya shigo sai a haye sama a bar shi da ruwan sama da yunwa. Abin da ya fi ba su wahala kuwa a cikin gida yake. A al'adarsu in uba ya mutu kowane ɗa yana da kaso a ƙasarsa, har ɗan da aka haifa ba aure in dai uban ya amsa nasa ne. Autan ne ke rabawa, yayyen su zaɓa. Ya ce ga manomi wannan adalci ne, amma da 'ya'yan sarki suka ce su ma haka za a yi musu da masarauta, sai kowane sarki ya mutu a koma yaƙin 'yan'uwa, sarkin Ingila kuma yana gefe yana jiran wanda zai zo neman taimako.

Labarin da ya fi maimaitawa na sarkinsu na ƙarshe ne. Su huɗu ne maza a wurin ubansu. Shi da babban yayansa suka fara riƙe ƙasar tare, daga baya aka ce a sake rabawa a ba ƙaninsu, ya ce a'a. Yayan da ƙanin suka haɗe masa kai, suka gwabza a kan wani tudu, ya ci su. Sai ya ɗauki yayan nasa ya kulle a wata hasumiyar dutse a bakin tafki, ba nisa da inda muke, ya bar shi a ciki sama da shekara ashirin. Shi kuwa ya haɗe kusan duk Wales a hannunsa, abin da ba a cika samu ba. Ƙarshensa bai yi kyau ba. An kashe shi a wani daji, aka kai kansa London, 'yarsa jaririya aka kai ta gidan mata masu zaman ibada a Ingila, a can ta tsufa ta mutu ba ta san yaren ubanta ba.

Baba Emrys yana ƙaunar sarkin nan. In ya zo kan maganar hasumiyar sai ya ɗaga yatsa ya ce, “Dole ce ta sa shi. Da ya bar yayan a waje da ƙasar ta tarwatse.”

Wata rana na tambaye shi me ya sa bai kashe shi ba kawai.

Ya ce, “Ɗan'uwansa ne fa.”

Na ce to me ya sa bai sake shi ba, bayan ƙasar ta zauna?

Ya juya yana kallon taga. Can ya ce, “Ina jin kullum ya tashi yana da niyya. Kullum kuma akwai dalilin da zai sa ba yau ba.”

A nan ya kamata in faɗi abin da ban faɗa wa Doose ba, ban kuma faɗa wa Baba ba. Ciwon Yaya gaskiya ne. Yakan tashi ba takalmi ya kama hanyar Obi yana magana shi kaɗai, sau ɗaya ya fasa gilashin motar maƙwabcinmu. Amma yakan yi wata biyu garau, ya yi noman doyarsa, ya fi ni iya lissafin damina. Gonar da mahaifinmu ya bar mana ba a raba ta ba, gari kuma ya iso bakinta, masu gini suna zawarcinta. Na ce a sayar in yi tafiya, Yaya ya ce ko bayan ransa. Sati biyu da kai shi gidan mari aka sayar da ita. Ranar da zan kai shi, da na ce masa mu je mu ga wani mai irin doya a bayan Akurba, ya sa hularsa mai kyau ya biyo ni.

Shi ya sa maganar Baba ta farko ta yi mini daɗi, ta biyun kuma na yi kamar ban ji ba. Na samu aiki, na samu ɗaki ni kaɗai, ba abin da ya hana in aika a fito da shi. Sai in ce Mama ta tsufa, wa zai iya da shi. Sai in ce bari damina ta wuce. Sai in ce in ya fito ya ga an kafa bulo a gonar ciwon zai tashi gaba ɗaya, gara ya ƙara samun sauƙi. Har na fara gaya wa kaina cewa sarakuna ma sun yi, kuma malamin tarihi ya ce dole ce. Haka shekara ta cika, ta biyu ma ta bi bayanta.

Ranar da abin ya faru Talata ce da rana. Ma'aikata biyu ba su zo ba, Doose tana hutu, ni kaɗai ne a ɓangarenmu. Baba ya tashi da cewa ya makara, yara suna jiransa a aji. Sau biyu ina kamo shi a bakin ƙofar fita, ga titi motoci suna wucewa. Ana cikin haka wata tsohuwa ta faɗi a banɗaki, goshinta ya fashe. Na rasa yadda zan yi. Na mayar da Baba ɗakinsa, na ja ƙofar, da yake ba a kulle ta daga waje sai na cire igiyar wata rigar wanka na ɗaure hannun ƙofar da ƙarfen da tsofaffi ke dafawa a bango. Haka Mama take yi wa Yaya a farkon ciwonsa in za ta kasuwa, duk unguwa kuma yaba mata ake yi, ana cewa ta iya tattali.

Minti arba'in na yi a kan tsohuwar kafin motar asibiti ta zo. Ina jin Baba yana bugun ƙofa yana kiran sunana, na ce a raina bari in gama. Daga baya ya yi shiru, na ji daɗi, na ɗauka ya kwanta. Da na kwance igiyar na same shi zaune a ƙasa a bayan ƙofa, ya jiƙa wandonsa, yana magana da yarensu a hankali, Turancin ya gudu gaba ɗaya. Na wanke shi, na canza masa kaya. Sannan na ɗauki littafin rahoto na rubuta duk abin da na yi, har da igiyar, da hannuna, ina jiran a ce na yi dabara.

Washegari Doose ta karanta kafin manaja. Ta ja ni ɗakin wanki ta rufe ƙofa.

“Usman, kai ne ka rubuta wannan? Ka ɗaure mutum a ɗaki?”

Na ce ai don kada mota ta buge shi ne.

“A nan ba a yi! Ko minti ɗaya ba a yi. Wannan ƙasa zai iya kai ka prison a kan wannan. Me ya sa ba ka danna bell ba, me ya sa ba ka kira ni ba? Mutum ne fa, ba akuya ba.”

Na fusata. Na ce mata mu a gida haka muke yi kuma ba wanda ya mutu, su ne dai da son ƙa'idar banza. Ta dube ni ta ce, “A gida wa ka ɗaure?” Tambaya ce kawai ta faɗa, ba ta san komai ba.

An zauna da ni bayan kwana uku, manaja da wani daga hukuma da 'yar Baba, Nia. Manajar ba ta ɗaga murya ba, ta ce aikina ya ƙare, za su sanar da masu biza. Nia ce ta yi magana a ƙarshe. Ta ce ba za ta nemi a kai ni gaba ba, don babanta ya fi sakin jiki da ni a kan kowa a gidan, kuma ta ga ni na rubuta da kaina. Ta ce amma tana son in sani, tun ranar ba ya yarda a rufe masa ƙofa, ko ta banɗaki, in an taɓa ta sai ya fara rawar jiki. Minti arba'in ne suka yi masa haka. Na roƙa a bar ni in yi masa sallama, ta ce gara kada ya gan ni.

An ba ni 'yan makonni in samu wani aikin ko in bar ƙasar. Wa zai ɗauki mai irin wannan laifi a takardarsa? Doose ta yi ta buga waya tana nema mini aiki duk da haushina da take ji, tana kawo mini tuwon semo a roba tana ajiyewa ba ta zama. Ni kuwa ba abin da nake yi sai kwanciya. Ran nan na gaji da kallon silin na hau bas zuwa hasumiyar, don Baba ya sha cewa zai kai ni.

Ba ta da girma yadda na zata. Tana kan wani ɗan tudu, tafki a ƙasa, duwatsu baƙaƙe sun kewaye ta, ana yayyafi. Ba mai gadi, ba ƙofa. Na hau matakala na shiga. Zagayayya ce, ba rufi, faɗinta bai fi tsakar gidanmu ba. Na taka daga bango zuwa bango na ƙirga, na sake takawa. Wasu Turawa biyu suka shigo da karensu suka ɗauki hoto suka fita. Na tuna na taɓa tambayar Baba abin da yayan sarkin ya yi bayan an sake shi, don a ƙarshe sarkin Ingila ya tilasta an buɗe masa. Ya ce ba a sake jin ya yi wani abu ba, ya koma wani gefe ya zauna har ya mutu.

A cikin hasumiyar na kira Asabe, ko da yake ba Juma'a ba ce. Na ce me Yaya yake cewa kwanan nan.

Ta ce, “Ba ya cewa komai.”

Na ce bai tambaye ni ba?

“Ya daina tambaya tun Babbar Sallah. In na kai abinci ya ci, ya ce an gode. Yaya Usman, ni na gaji da zuwa wurin nan, wallahi na gaji.”

Ban jira makonnin sun cika ba. Doose ta raka ni tashar bas, ta ba ni ƙullin magani in kai wa mamanta a Obi, ta ce, “Ka gaishe da gida. Ka yi hankali da kanka.” A lokacin na gaya mata maganar Yaya, a tsaye, direba yana jira. Sai ta saki hannuna.

Shekara biyu da wata biyu ke nan rabona da bayan Akurba. Malamin ya karɓe ni da fara'a, ya ce ai Yakubu ya samu sauƙi sosai, duk gidan ba mai biyayyarsa. Sai da aka kira maƙeri, don marin da ke ƙafar Yaya ya yi tsatsa. Yaya yana zaune ya miƙe ƙafa ana dukan ƙarfen, yana kallon wani wuri a bango. Ya rame, gemunsa ya yi fari, idon sawunsa ya yi baƙin tabo kamar an ɗaura masa zare. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, “Usman, ka dawo? Ya hanya?” Bai ƙara ko kalma ba. Da ya zage ni ko ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Da aka cire ya tashi, sai na ga yana tafiya da gajeren taku, ƙafa kusa da ƙafa, kamar ƙarfen yana nan. Daga zaure zuwa inda keke mai ƙafa uku ke jiranmu ya ɗauke mu lokaci mai tsawo. A bakin ƙofa ya tsaya ya waiwayi malamin, sai da ya ce masa “je ka” sannan ya taka waje.

A gida Mama ta rungume shi tana kuka, ya tsaya ƙiƙam har ta gama. Asabe ta share masa ɗakinsa, ta yi sakwara da miyar agushi don shi. Ya ci, ya ce an gode. Bai tambayi gona ba, bai tambayi komai ba. Na zauna kusa da shi na fara jero abin da na shirya tun a jirgi, cewa na cuce shi, cewa gobe za mu asibiti, cewa zan nemi wata gonar ko a wajen Awe ne. Yana gyaɗa kai kamar yadda ake yi wa baƙo.

Da aka yi la'asar ya tashi da kansa ya shiga ɗaki ya zauna a ƙasa, ga katifa sabuwa bai hau ba. Asabe ta ce a can da la'asar ake mayar da su ciki. Na bar ƙofar a buɗe don iska, na dawo tsakar gida na zauna. Ba a jima ba na ji ya kira sunana, a hankali. Na taso da sauri, raina har ya yi fari, na ce ga ni Yaya.

Yana zaune ya haɗa ƙafafunsa, jikinsa yana rawa, yana kallon ƙofar.

Ya ce, “Ka manta ba ka sa kwaɗo ba.”